Mun Sayi Injin, Mun Manta da Mai Toshe Yoyo

A ƙarshen watan Mayun 2020, lokacin da rabin duniya ke kulle saboda annobar korona, injiniyoyi a Kadarash da ke kudancin Faransa suka ɗaga wani faifan ƙarfe mai nauyin tan 1,250 suka sauke shi a hankali cikin rami. Shi ne gindin katafariyar tukunyar da za ta lulluɓe ITER, na'urar da manyan ƙasashe suka yi karo-karo suna ginawa domin gwada samar da makamashi irin yadda rana ke samar da nata. Tsayin tukunyar kusan mita 30 ne, faɗinta ma haka, nauyinta tan 3,850, kuma ba a taɓa ƙera tukunyar ƙarfe marar tsatsa da za a zuƙe iskar cikinta wadda ta kai ta girma ba. A garin Hazira na jihar Gujarat a Indiya aka ƙera sassanta, a masana'antar kamfanin Larsen & Toubro, aka kai su Faransa ta jirgin ruwa aka haɗa.

Wanda ya san asalin kamfanin zai yi murmushi. Injiniyoyi biyu 'yan Denmak, Henning Holck-Larsen da Søren Kristian Toubro, su suka kafa shi a Bombay a 1938, kuma sana'arsu ta farko dillanci ce: suna sayar wa Indiyawa kayan sarrafa madara da ake ƙerawa a ƙasarsu. Da Jamus ta mamaye Denmak a 1940, kaya suka daina zuwa. Sai suka koma 'yar maƙerar da suka buɗe domin gyare-gyare suka fara ƙera kayan madarar da kansu. Shekara tamanin bayan haka, magadan waɗancan masu walda ne suka ƙera wa ITER tukunya.

Na kawo labarin ne domin in ja daga da wata ɗabi'a da ta zama mana jiki a Najeriya, musamman mu 'yan boko da ke zama a kwamitoci muna tsara kasafi. Mun ɗauka ci gaban kimiyya da na kiwo kaya ne da ake saya a akwati. A ba da kwangila, kwantena ta sauka a Apapa, a gayyaci gwamna ko minista ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a watse. Mutumin da zai sa injin ya ci gaba da aiki bayan wata shida, wanda zai iya kwance shi ya gano inda yake yoyo, ya sassaƙa wani ƙarfen a madadin wanda ya cinye, ba ya cikin hoton, ba ya cikin kasafin. Ɗakin binciken fiziks da rumfar tatsar shanu suna fama da cuta ɗaya, kuma zan nuna cewa mai maganinsu ma ɗaya ne, domin dukansu sun dogara ne a kan famfon da ke zuƙe iska.

Ƙahon wanzami

Bahaushe ya san wannan fasaha tun kafin ya ji sunanta. Wanzami ya kifa ƙaho a bayan mutum, ya zuƙe iskar ciki da baki, ya toshe 'yar kafar da ke tsinin, sai ƙaho ya kama fata gam. Mukan ce ƙahon ne ke ja, alhali iskar waje ce ke dannawa. A ƙarƙashin tekun iska muke zaune, kuma nauyinta a kan kowane murabba'in santimita ya kai kusan kilo ɗaya. Ba ma jin sa saboda tana danna mu ta ko'ina daidai wa daida. Da zarar an rage iskar gefe guda, ɗaya gefen zai nuna ƙarfinsa. Wannan sarari da aka rage wa iska shi masana ke kira bakiyum. A nan zan ce masa wofi.

A cikin shekarun 1650 Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, ya haɗa bakin wasu ƙoƙuna biyu na jan ƙarfe masu faɗin kusan rabin mita, ya zuƙe iskar cikinsu da famfon da ya ƙirƙira, ya sa dawaki takwas ta nan takwas ta can suka yi ta ja ba su raba su ba. Da ya buɗe bawul iska ta shiga, suka rabu da kansu. Lissafin ba shi da wuya. Murfi mai rabin mita a kowane gefe, idan an zuƙe iskar bayansa, yana ɗauke da nauyin tan biyu da rabi. Mai ƙera irin wannan akwati da ya yi ƙwauron kaurin ƙarfe zai ga ya lotse kamar gwangwanin da mota ta taka.

Wofi hawa-hawa ne. Matsin iska a bakin teku milibar 1,013 ne. Injin tatsa yana rage kusan rabinsa kawai. Mai gyaran firji da ya san aikinsa yana saukar da bututun na'urar zuwa ƙasa da milibar 1 kafin ya ɗura gas. Ƙaramar na'urar filazma ta koyarwa tana neman kamar milibar 0.01. Manyan na'urori irin ITER kuwa sai an sauke su zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da muke shaƙa. Ita filazma, ga wanda bai saba da kalmar ba, ita ce abin da iska ke zama idan aka zafafa ta ko aka ratsa ta da lantarki har ƙwayoyin zarra suka saki elektaron ɗinsu. Ita ce a cikin walƙiya, da doguwar fitilar lantarki, da harshen wutar walda, da ita kanta rana. Irving Langmuir na kamfanin General Electric ne ya raɗa mata sunan a 1928.

Abin da saniya ke nema

Mutane da yawa suna zaton injin tatsa tsotsa kawai yake yi, wanda ya fi ƙarfin tsotsa shi ya fi kyau. Masu ƙera na farko ma haka suka zata. William Murchland, wani mai aikin famfo a garin Kilmarnock na Sikotland, ya fito da nasa a 1889, kuma tsotsa yake yi ba ƙaƙƙautawa. Madara na fita, amma jini da ruwan jiki suna taruwa a kan nonon saniya har ya kumbura. A 1895 wani likita a Glasgow, Alexander Shiels, ya ƙara wa injin abin da ke sa tsotsar ta riƙa kamawa tana saki. A farkon ƙarni na 20 aka daidaita a kan kofi mai ɗaki biyu, wanda har yau shi ake amfani da shi: kwanson ƙarfe a waje, safar roba a ciki. A cikin robar akwai wofi a kowane lokaci. A tsakanin robar da ƙarfen kuwa wata 'yar na'ura mai bugu tana musanya wofi da iska kusan sau sittin a minti. Idan wofi ne, robar ta buɗe madara ta zubo. Idan iska ta shiga, robar ta matse kan nonon ta yi masa tausa jini ya koma. Yawanci kashi 60 na lokacin tatsa ne, 40 hutu.

A nan wahalar take. Gwargwadon tsarin bututun, ana so a rage matsin da milibar 420 zuwa 500, kuma ya tsaya cak a wurin ko da wani kofi ya suɓuce ya faɗi yana shan iska. Saboda haka famfon tatsa mai yawan ɗiba ne, yana da tankin ajiya, yana da bawul mai daidaitawa wanda aikinsa shi ne ya riƙa barin iska ta shiga da gangan domin kada wofin ya wuce iyaka. Idan ya yi yawa, ko na'urar bugun ta yi sanyi, bakin nonon zai yi kanta ya tsattsage. Idan yana hawa yana sauka, ɗigon madara mai ɗauke da ƙwayoyin cuta zai iya komawa da ƙarfi ya doki kafar nonon. Ƙarshen duka biyun kumburin hantsa ne: madara ta ragu, a shiga sayen allura, kuma madarar saniyar da ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ta sayuwa, domin ko yogot ba ta kamawa yadda ya kamata. Robar kofin ma tana da wa'adi, tatsa 2,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ido ke gani. Injin da ke lalata hantsar shanu ƙararsa ɗaya da lafiyayye. Sai an zo da ma'auni an gwada, shi ya sa akwai ƙa'idojin duniya guda biyu a kan wannan kaɗai, ISO 5707 ta yadda za a gina injin da ISO 6690 ta yadda za a gwada shi, kuma a ƙasashen da suka ɗauki madara da muhimmanci mai gwaji yana zuwa gona aƙalla sau ɗaya a shekara. Har tudu yana da tasiri. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iska ta fi ta Legas sirantaka, don haka famfon da aka rubuta ƙarfinsa a bakin teku ba zai ba da wannan ƙarfin a can ba. Ɗan kwangilar da ya kwafi lamba daga kundin talla ba ruwansa da wannan.

Abin da filazma ke nema

Ɗakin bincike buƙatarsa ta juya. Ba ya neman yawan ɗiba, yana neman zurfi, kuma abokin gabarsa duk abin da zai saki ko ƙanƙanin tururi ne. Ƙazanta kaɗan a cikin filazma tana kwashe zafinta ta watsar a matsayin haske, gwaji ya lalace. Ana farawa da famfo mai fukafukai da ke juyawa cikin mai, ɗan'uwan na mai gyaran firji, kuma dangin wanda ke jikin injinan tatsa da yawa. Idan ya kai iyakarsa sai a kunna na biyu, irin wanda Willi Becker ya ƙirƙira a kamfanin Pfeiffer a 1958, mai farfela da ke juyawa sau dubbai masu yawa a minti tana bugun ƙwayoyin iska ɗaya bayan ɗaya zuwa waje. A wannan matakin ba iskar da ke cikin tukunya ce matsalar ba, danshin da ya manne a bangonta ne. Shi ya sa ake gasa tukunyar na tsawon sa'o'i ko kwanaki, ta ITER har digiri 200. Shatin yatsa guda a cikin tukunya zai iya ɓata aikin yini. Roba ma tana fitar da tururi, don haka a wofi mai zurfi da zoben jan ƙarfe ake haɗa baki da baki, wuƙar ƙarfe ta nutse a cikinsa, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Yoyon da ya fi ƙarfin kumfar sabulu kuwa da iskar hiliyam ake farautarsa: a riƙa fesa ta a kan kowace gaɓa, na'ura tana jira a ciki ta ji inda ta ɓullo.

Kada a fahimce ni a baibai. Famfon tatsa ba zai yi aikin ɗakin filazma ba, kuma mai gyaran na farko ba ya zama gwanin na biyu a dare ɗaya. Amma a dubi inda suka haɗu. Dukansu da ƙarfe marar tsatsa ake yin su, mai lamba 304 ko 316. Dukansu da waldar iskar argon ake haɗa su. Dukansu kuma suna ƙin abu guda, wato lungu. A bututun madara, ɗan tsagin da walda ta bari a ciki shi ne maɓoyar ƙwayoyin cuta da wanki ba ya kaiwa. A tukunyar wofi, wannan tsagin ne ke riƙe 'yar iska yana sakinta kaɗan-kaɗan har a yi mako ana neman yoyon da babu shi. Mai waldar da ya iya ɗinkin da cikinsa ya fita sumul, wanda ya saba wanke ƙarfe kafin da bayan aiki, wanda ya yarda cewa ma'auni ya fi idonsa gaskiya, ya riga ya ci rabin hanyar kowanne daga cikin biyun. Wannan ce gadar da Larsen & Toubro ya bi.

Akwai kuma abin da ƙasarmu ta ƙara a kan jarrabawar. Idan aka ɗauke wuta famfo yana cikin aiki, kuma babu bawul mai rufe kansa, wofin da ke cikin tukunya zai janyo man famfon ya koma ciki, a kwana biyu ana wanki. Ƙurar hunturu tana toshe matatar bawul mai daidaita injin tatsa, wofi ya haura ba wanda ya sani. Zafin watan Afrilu yana tsinka mai, yana gajarta ran roba. Wanda ya zana waɗannan injuna a Kolon ko a Sitokhom bai zana su da tunanin wutar da ke zuwa tana tafiya sau biyar a yini ba, kuma ba laifinsa ba ne. Gyara zanen ya dace da Kano aikin wanda ke zaune a Kano ne.

Sunan da ba ya shiga littafi

Raina mai aikin hannu ba mu muka fara shi ba. Kowane ɗalibin sakandare ya haddace dokar Boyle, amma famfon da Robert Boyle ya yi gwaje-gwajensa da shi, ma'aikacinsa Robert Hooke ne ya ƙera shi a 1659. Heinrich Geissler mai hura gilashi ne a garin Bon. Famfon zaiba da ya ƙera a 1855 da bututan gilashinsa su suka buɗe hanyar da ta kai ga hoton ƙashi na Röntgen a 1895 da gano elektaron a 1897. J. J. Thomson, wanda ya gano elektaron ɗin ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1906, an san shi da rashin iya riƙe kayan gwaji. Bututan da ya yi aikin da su mataimakinsa Ebenezer Everett ne ya hura su. Bambancin shi ne su can, ko da sun hana mutumin suna, ba su hana shi maƙera da albashi da almajirai ba. Jami'o'insu sun riƙe ɗakunan ƙira, kuma daga irin wannan haɗin gwiwa, kamar na Wolfgang Gaede da kamfanin Leybold a farkon ƙarni na 20, masana'antar wofi ta duniya ta fito.

Mu kuwa mun ɗauki rainin mun mayar da shi tsari. A jami'o'inmu ƙarin girma na wanda ya wallafa maƙala ne. Malamin da ya ɓata shekara biyu yana gina na'urar da ɗalibai ɗari za su yi aiki da ita, abokinsa da ya zauna gaban kwamfuta ya fitar da takardu shida zai wuce shi. Ma'aikacin fasaha na ɗakin gwaji kuwa ana ganinsa kamar mai riƙe makulli. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambanci tsakanin mai babbar difloma da mai digiri, Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Wane uba ne zai ga haka ya ce wa ɗansa mai ƙwaƙwalwa ya je ya koyi sassaƙar ƙarfe? Dukanmu mun san amsar, domin mu ne iyayen. Kuma Bahaushe yana da tsohon miki a nan: mun gaji ɗabi'ar ɗaukar ƙira da wanzanci da jima a matsayin sana'o'in wasu gidaje, boko ya zo ya ɗora takarda a kai.

Ba a rasa doka ba. Akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 da ya ce a fifita ƙwararrun gida a kwangilolin kimiyya da injiniyanci. Akwai hukumar NASENI da cibiyoyinta, har da ta ƙera kayan kimiyya a Minna. Akwai TETFund mai zuba kuɗi a manyan makarantu. A ɓangaren madara, Babban Banki ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida a watan Fabrairun 2020 domin a tilasta samar da ita a gida, a 2024 aka janye, a shekarar kuma aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya. Duk wannan motsi a sama yake. Tambayar da ba na jin ana yi ita ce: mutum nawa ne tsakanin Sakkwato da Yola za su iya zuwa gona da ma'auni su gwada injin tatsa bisa ƙa'ida su rubuta sakamako?

Masu cewa ba wannan ne gabanmu ba

Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Bunaji ko Rahaji a hannun makiyayi ba ta cika ba da fiye da lita ɗaya zuwa biyu a yini ba, kuma sau da yawa ba ta sakin nono sai ta ga maraƙinta. Kai wa irin wannan garke injin tatsa almubazzaranci ne. Abin da ke gabansa ciyawa ce a rani, da ruwa, da maganin dabbobi, da tsaro, da hanyar kai madara kasuwa kafin ta lalace. Indiya kanta, wadda ta wuce Amurka a yawan madara a 1998, da hannu aka tatsi mafi yawan wannan madarar, daga gidaje masu saniya biyu ko uku. Haka kuma duk wanda zai taɓa harkar nono a ƙasar nan ya tuna cewa a ruga nono na mata ne, kuma injin da aka kawo ba tare da tunani ba yana iya kwashe kuɗin daga ƙwaryar Bafulatana ya zuba a aljihun wani.

Na yarda da duka. Sai dai a bi hujjar zuwa ƙarshenta. An ce sanyaya madara ya fi tatsa da inji gaggawa. To, tankin sanyaya madara firji ne, kuma firji ba ya daɗewa sai an zuƙe iska da danshin bututunsa da famfon wofi kafin a ɗura gas. In ba haka ba danshin zai daskare ya toshe siririn bututu, ko ya haɗu da mai ya zama sinadari mai cin kwamfuresa daga ciki. Masu gyara da yawa a garuruwanmu da tsohuwar kwamfuresar firji suke wannan aikin, ba ma'auni, wasu ma hura gas kawai suke yi su rufe. An ce a sarrafa madara a gida a daina shigo da ta gari da ta gwangwani. To, tun lokacin da Gail Borden ya yi rajistar dabararsa a Amurka a 1856, a cikin wofi ake ƙafar da madara, domin a can tana tafasa ƙasa da digiri 70 ba ta ƙone ba. Gwangwanin madarar da ke teburin mai shayi ɗan wofi ne. Na'urar zuƙe majina da jini a ɗakin tiyata ita ma haka. Ta duk ƙofar da aka biyo, mutumin nan ake tararwa. Shi kansa Verghese Kurien, jagoran juyin madarar Indiya da aka ƙaddamar a 1970, injiniyan injuna ne da aka tura garin Anand a 1949.

Kuma gonakin zamani sun riga sun zo. Gonar Arla da ke Damau a Jihar Kaduna, wadda aka buɗe a 2023 da shanun da aka kawo daga Denmak, da inji take tatsa. Babban kamfani irin wannan yana da hanyar kawo nasa ƙwararrun da nasa kayan gyara. Wanda nake ji wa shi ne ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a shanu ashirin masu aure da na waje, ya sayi injin tatsa mai taya a kasuwa, babu takardar gwaji, babu robar canji, babu lambar wayar kowa.

Hujja ta biyu ita ce kasuwar ƙarama ce, kuma famfon Sin ya fi arha. Gaskiya ne, a saya. Ban ce mu fara ƙera famfo mai farfela gobe ba, ƙasashe ƙalilan ne ke yin sa. Amma tukunyar, da bakunan haɗi, da bututu, da tankin ajiya, da tarkon mai, da sabunta tsohon famfo, duk ayyukan ƙaramar maƙera ne mai injin sassaƙa ƙarfe da na walda da ma'auni nagari. Gyara kuwa ba a shigo da shi a kwantena. Saniya sau biyu ake tatsarta a yini, ba ta jiran biza ta fito wa injiniya.

Ga masu ganin binciken filazma ya fi ƙarfin talaka, akwai abin da aka yi a Jami'ar Malaya da ke Kwala Lumfur a tsakiyar shekarun 1980. Farfesa Sing Lee, da tallafin Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar Abdus Salam ta Tiriyeste, ya tara masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Saliyo da Masar da Pakistan. Bai ba su na'ura a akwati ba. Tare suka zana wata ƙaramar na'urar filazma mai ƙarfin kilojul 3 wadda famfo mai fukafukai kaɗai ya ishe ta, suka gina, suka gwada har ta fitar da niyutaron, shaidar cewa ƙwayoyin zarra sun haɗe, sannan aka koma gida da kayan. A Jami'ar Quaid-i-Azam ta Islamabad wannan iri ya tsiro ya yaye masu digirin digirgir shekara da shekaru. Kosta Rika, mai mutane kusan miliyan biyar, ta kunna filazma a na'urar da malamai da ɗalibanta suka gina a 2016.

A Zariya akwai abin da garuruwa kaɗan a Afirka suke da shi a wuri guda: cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a Shika, cibiyar binciken makamashi mai ƙaramin tukunyar nukiliya da ke aiki tun 2004, sassan fiziks da injiniyanci da likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Tafiyar kamar awa guda kuma ga maƙeran Panteka a Kaduna, waɗanda idan ka nuna musu inji sau ɗaya za su kwaikwaya, abin da suka rasa shi ne ma'auni da wanda zai nuna musu dalilin kowace lamba. Maƙera guda ta wofi a wannan gari, mai ma'aikata biyar ko shida da na'urar hiliyam ɗaya, za ta iya yi wa ɗakunan bincike tukwane, ta zagaya gonaki da kayan gwajin injin tatsa a kan kuɗi, ta horar da masu gyaran firji. Kuɗinta ba zai kai na ƙofar shiga jami'a irin waɗanda ake ginawa da tayil ba.

Kafin a kai can, akwai abin da kowane mai karanta wannan da ke zama a kwamitin sayen kaya zai iya yi a zama na gaba. Kada a amince da kwangilar injin da ba ta ƙunshi kayan canji na shekara biyu da ma'aunin gwaji da horar da ma'aikacin wurin ba. Kuma kada a biya kason ƙarshe ranar da aka sauke akwati. A haɗa injin, a kunna. Idan na tatsa ne, a buɗe kofi guda yana shan iska a ga ko allura za ta tsaya a inda aka sa ta. Idan tukunyar bincike ce, a zuƙe ta, a rufe bawul, a kashe famfo, a rubuta yadda matsi ke hawa cikin awa guda. Ma'aikacin fasahar da zai zauna da injin shi zai riƙe agogo, kuma sai ya sa hannu a takardar akanta zai saki kuɗin.